Kunama ta harbi yarona, jiya kuma maciji a gindin randa, me kuka gani jama'a?

Maman Ummi (Garin Malam):
Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da zafi. Don Allah shawara nake nema. Tun da bazarar nan ta kankama a nan Damagaram ba mu sake kwana ɗaki ba, ga kuran ba ta zama, sai mu shimfiɗa tabarmi tsakar gida kowa ya baje. Shekaranjiya wajen ƙarfe 2 na dare sai na ji autana ya ƙwalla ƙara, shekararsa 4, muka haska tocila sai ga kunama 'yar ƙarama mai ɗorawa-ɗorawa tana tafiyarta gefen matashi kamar ita ke biyan haya. A yatsa ta harbe shi. Babansu ya ɗauke mu a moto sai likita, aka yi mishi allura aka riƙe mu har safe sannan aka sallame mu, alhamdulillahi. To ban gama dawowa hayyacina ba jiya da magariba Ummi ta je ɗiban ruwa ta ga maciji naɗe a gindin randa, kafin maƙwabta su shigo da sanduna ya sulale cikin tulin bulon da babansu ya ajiye tun bara wai zai ƙara ɗaki. Yanzu ɗaki wuta, waje maciji, ban san ina zan sa yaran nan ba. Wata ta ce in sayo piya-piya in yayyafa ko'ina.

Ɗan Birni:
Wa alaikumus salam. Sannu Maman Ummi, Allah ya ƙara kiyayewa. Amma ku 'yan Garin Malam kunama ɗaya ce ta tada muku hankali haka? Ku zo Birni cikin duwatsu ku gani, mu nan in Afrilu ya shiga ba ka sa takalmi sai ka kakkaɓe shi, ko hular da ka rataye sai ka leƙa.

Hajiya ta Zango:
Sannu 'yata, ya jikin yaron? Ni dai maganata ɗaya, piya-piya. Ki aika Kasuwar Dole ranar Alhamis a sayo miki kwalba biyu, ki haɗa da kalanzir kaɗan ki bi lungu-lungu, ki daka tafarnuwa ki watsa bakin bulon. Shekara nawa ina haka ban taɓa ganin ko kyankyaso a gidana ba.

Baba Mai Lambu (Mirya):
Ummi ta gan shi da kyau? A tambaye ta tsawonsa da launinsa, kuma da ya ji motsi ya ɗaga kai ya buɗe wuya ne ko ya naɗe yana wani sauti.

Maman Ummi (Garin Malam):
Baba ina wuni. Ta ce gajere ne bai kai tsawon hannunta ba, kalar ƙasa da ɗigo-ɗigo fari a baya, kuma wai yana ta murza jikinsa yana shuuu kamar an ɗiga ruwa a kasko mai zafi.

Baba Mai Lambu (Mirya):
To 'yata ki kwashe yara daga wajen tun yau. Abin da ta faɗa kububuwa ce, wadda ake ce wa gobe da nisa. Wannan ƙarar ba da baki take yi ba, ɓawon jikinta take gogawa da juna. Shekara sama da 30 ina lambu, na ga kasa, ita ƙatuwa ce malalaciya sai ka taka ta, na ga kumurci baƙin nan mai tofi a ido, amma duk na fi shakkar kububuwa don ƙanƙanta gare ta ga saurin fushi, kuma da dare take yawo lokacin da mutum ke tafiya ba takalmi. Kuma ki sani ba don ku ta zo ba. Zafin da ya kore ku daga ɗaki shi ya koro ta daga rami. Duk gidan ki duba, ina ne ke da sanyi da laima a watan nan in ba gindin randa ba? Nan kwaɗo ke laɓewa, nan ɓera ke zuwa shan ruwa, gyare da kyankyaso duk nan, to mai cinsu ina zai je? Kunamar ma abin da ya kawo ta ke nan. Mu a lambu ko tulin ciyawa za mu ɗaga sai da sanda, ba a sa hannu.

Majo:
Hajiya ku gafarce ni, amma piya-piya a gidan da ke da yaro ɗan shekara 4 ban goyi baya ba ko kaɗan. Abin da ke cikin kwalbar nan maganin ƙwarin gona ne, sunansa dikilorbos, ana ɗura shi a kwalabe ba suna ba awo, ba wanda ya san ƙarfin wanda ya saya. Ta fata yana shiga, ta numfashi yana shiga. Mu ma'aikatan likita mu muke karɓar yaran, za ka ga yaro yawu na dalala, zufa, amai, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, numfashi na sarƙewa, uwar ta rantse ba abin da ya ci, sai an matsa ta tuna an fesa ɗaki da daddare an rufe. Wani kuma a kwalbar lemo aka zuba ya ɗauka ya kurɓa. Sannan macijin da ke can ƙarƙashin bulo ɗari ina piya-piyar za ta same shi? Yaran dai za su shaƙa.

Hajiya ta Zango:
Majo kai kullum sai ka tsorata mutane. Mu da muka haifi goma muka raine su da shi fa?

Majo:
Allah ne ya tsare Hajiya, kuma ku kuna da hankalin buɗe taga ku fitar da yara, ba kowa ke yi ba. Tun da an zo wajen ma bari in ƙara, wadda ta fi ta muni ita ce ƙwayar nan mai toka-toka da ake jefawa cikin buhun wake. Da ta ji laimar iska sai ta riƙa sakin wata iska mai guba, ba ta da makari. Wasu na sa ta a ɗakin kwana don ɓera ko kuɗin cizo, ko su ajiye buhun da aka sa wa a ɗakin da ake kwana, wallahi gida guda tana iya kwashewa a dare ɗaya. Mai son adana wake ya nemi buhun PICS mai rufi uku, a ɗaure kowane da kyau, ƙwarin su mutu don rashin iska ba sai an sa komai ba.

Ɗan Agadas:
Maman Ummi kun yi daidai da kuka ruga likita. Mu a Agadas kunama ba abin dariya ba ce Ɗan Birni, yara take kashewa, kowa a garin ya san gidan da aka yi rashi saboda ita. Kuma mutane na kuskure, suna tsoron duwu don baƙi ne ƙato mai manyan hannuwa, alhali wadda ta fi dafi ita ce mai siraran hannuwa, ko mai ɗorawar nan ko mai kaurin wutsiya. Babba zai sha azaba kwana ɗaya ya warke, yaro jikinsa ƙarami ne dafin ya fi ƙarfinsa. Dabara biyu zan ba ki. Ta farko ku bar kwana ƙasa, ko gadon kara ne a samu, a janye shi daga bango, a sa ƙafafunsa cikin gwangwanin tumatir babba mai santsi, a ɗaura sange a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa kar ya taɓa ƙasa. Ta biyu, kin san 'yar fitilar nan mai shuɗin haske da masu butik ke duba jabun kuɗi da ita? In kika haska kunama da ita cikin duhu sai ta yi ƙyalli kore shar kamar an shafa mata fenti. Ni kafin a kwanta sai na zagaye gida da ita, rannan biyar na kashe a bango ɗaya.

Ɗan Birni:
Kai Ɗan Agadas da gaske? To ni kar in haska in ga abin da zai hana ni barci har damina. Wani abin gara ba ka gani ba.

Na Tudun Jamus:
Duk kun bar hanya. Akwai masu wannan aikin, gado ne, a kira mai maganin maciji ya zo ya fito da shi da hannunsa ya ba yaran makari su sha. Kakana in maciji ya sari mutum ɗaure wurin yake da igiya ya tsaga ya ɗora baƙin dutse ya tsotse dafin, mutum nawa suka tashi a hannunsa. Yanzu an mai da komai sai likita sai likita, ka je a rubuto maka takarda ka rasa kuɗin saye.

Majo:
Maganar tsada gaskiya ce ɗan uwa, ba zan musa ba, allurar dafin maciji na da tsada kuma ba kowane ƙaramin likita ke da ita a ajiye ba. Amma bari in faɗa maka yadda kakanka ya yi suna, Allah ya jiƙansa. Ba kowane maciji ke da dafi ba, kuma mai dafin ma wani lokaci yana sara bai zuba komai ba. Waɗannan ko ruwan randa ka ba su za su tashi, sai a ce dutse ya yi aiki. Wanda kububuwa ta zuba wa dafi sosai fa? Dafinta hana jini daskarewa yake. Mutum zai ce ai na ji sauƙi, ya kwana, gobe ko jibi dasashi ya fara jini, fitsari da jini, tsohon miki ya ɓalle, wani a cikin kai jinin zai zuba. To ka ɗauki reza ka tsaga mutumin da jininsa ba ya tsayawa, me ka yi mishi? Igiyar kuma in ta daɗe ƙafar ce ke mutuwa a zo a yanke. Mu gwajin da muke yi ba wuya, a ɗebi jini a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta busasshiya a ajiye minti 20, in an karkata ya zubo kamar ruwa to dafi ya shiga, allura kawai. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma a Kaltungo ta jihar Gombe a Najeriya asibiti guda ne na saran maciji, yawancin masu zuwa kububuwar nan ce.

Na Tudun Jamus:
To in mutum na ƙauye fa, can bayan Tanut, ba mota ba komai, ya zauna ya mutu ke nan?

Majo:
A'a. A kwantar da shi, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗaura wa ƙafar itace kamar an yi karaya don kar ta yi motsi amma ba matsewa ba, a ɗora shi a amalanke ko moto a kama hanya. Kar ya yi gudu, kar a ba shi asfirin ko ibuprofen don suna ƙara zubar jini, in ciwo ya yi yawa parasitamol. Kar a tsaya neman macijin, in an samu hoto daga nesa shi ke nan. Awannin da ake ɓatawa wajen tsaga da jiƙo su ne ke cinye mutum. In kumurci ne ya yi tofi a ido, ruwa kawai, a yi ta wankewa da yawa sannan a taho.

Na Tudun Jamus:
Ni dai na ga abin da na gani da idona. Amma na ji batun rezar.

Malam na Alkali:
Assalamu alaikum. Kar gardama ta yi zafi, ga zafin gari. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne. Ya tabbata wani mutum ya zo wa Annabi (SAW) ya ce kunama ta harbe shi da dare, aka koya mishi ya riƙa cewa da maraice a'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ. Ki koya wa yaran Maman Ummi, gajera ce. Kuma an yi umarnin kashe maciji da kunama ko mutum na cikin salla. Sai dai wanda ya karanta addu'a ya bar tulin bulo kusa da shimfiɗar 'ya'yansa bai gama aikinsa ba, a gaya wa maigidan in ji ni.

Maman Ummi (Garin Malam):
Allah ya gafarta Malam wallahi zan nuna mishi wannan saƙon da kansa, tun bara nake magana kan bulon nan yana ce min sai bayan salla.

Ɗan Birni:
Wace sallar dai, ƙarama ko babba ko ta baɗi 😂

Mushe:
Ni abin da ke damuna a wannan lokacin yaran lakwal ne da danƙo da duwatsu, duk abin da ya motsa sai sun kashe. Makon jiya na ƙwace bushiya a hannunsu sun ɗaure ta da igiya suna ja. Na ce ku wannan da kuke gani da dare take fita ta ci ƙwari har kunama, ku sake ta. Haka jaba, an tsane ta don wari da dogon baki, alhali ba hatsi take ci ba, kyankyaso da gyare take bi. Mujiya kuma in ta yi kuka a kan gida sai a ce mutuwa ta zo, a bi ta da jifa, ita kuwa ɓeraye ta zo ɗauka, ɓerayen da ke jawo mana macijin. Muna kashe masu gadi sannan mu sayo guba. Ko ungulu ku duba, da muna yara mahauta cike take da su, yanzu yaushe rabonku da ganin ko biyar wuri ɗaya?

Hajiya ta Zango:
Mushe duk na yarda amma ban da tsaka. Tsaka in ta faɗa abinci ko ta taɓa ƙwarya kuturta ce, wannan tun iyaye da kakanni.

Majo:
Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta Hajiya, daga mutum zuwa mutum in an daɗe ana zama tare, kuma tana da magani kyauta. Tsaka ba ta da dafi. A rufe abinci dai don kashinta ƙazanta ne.

Hajiya ta Zango:
To ni dai in na gan ta takalmi ne.

Amarya (Sabon Gari):
Ku ana ta maciji ni zuma ce ta hana ni sakat. Kun san halin ruwa a Damagaram in bazara ta yi, sai mu cika bido da baho mu jera, to tun safe za su taru bakin bahon kamar an kira su biki, rannan garin ɗiba ɗaya ta harbe ni a leɓe na wuni kamar an yi min duka, maigida ya dawo yana tambayar wa ya taɓa ni. Yanzu kuma sun yi dunƙule a reshen dogon yaron ƙofar gida, yaran unguwa na cewa za su sa wuta.

Baba Mai Lambu (Mirya):
Kar a bar yara su taɓa. Wannan dunƙulen masu ƙaura ne, sarauniyarsu na tsakiya, sau da yawa kwana ɗaya biyu su tashi da kansu. In aka jefe su ne za a yi ɓarna, ko akuya a ɗaure suna iya kashewa. In sun ƙi tashi a nemo mai amya ya kwashe su da dare, shi riba ce gare shi. Ruwan kuma ki rufe naki, ki sa musu nasu a tsohon kasko can nesa da 'yan tsakuwa a ciki, za su koma can. Ƙishirwa ce kawai.

Mushe:
In kuma sun fara bin mutane a kira 'yan pompiye, lamba 18.

Ɗan Birni:
Albishirinku, yau da safe na ga shamuwa biyu a kan tsamiya suna jan kara. Saura ƙiris mu huta.

Mushe:
Goro fari. Ita kam ba ta ƙarya, daga can kudancin Afirka take tasowa ta biyo ruwa, ta yi sheƙa a nan ta ƙyanƙyashe, kaka ta yi ta koma. Fara da tsutsa take ci shi ya sa manoma ba sa bari a taɓa ta. Amma hutu kam ban sani ba, ruwan farko na sauka shinge zai cika fitila, hangara ta fara ƙona wuyan mutane, gara ta tashi aiki a azara, sauro kuma ya karɓi gari har Oktoba.

Baba Mai Lambu (Mirya):
Kuma ruwan farko ne ke cika ramuka ya fito da macizai, lokacin shuka da noman fari aka fi sara. Maman Ummi kar ki jira ruwa ya sauka a kan bulon nan.

Maman Ummi (Garin Malam):
Jama'a na dawo da labari. Maigida ya karanta saƙon Malam bai ce uffan ba, yau da hantsi sai ga shi da samari uku da shebur da dogayen sanduna, na ce kowa ya sa takalmi rufaffe kamar yadda Baba ya ce kar a sa hannu. An kwashe bulon tas an jera a waje kan faifan siminti. Abin da muka gani a ƙasa, gidan ɓera har da jinjiraye, kunama uku, kwaɗi biyu sun yi lamo, da saɓar maciji guda. Shi kansa ba a gan shi ba, akwai wani rami da ya bi ƙarƙashin katanga zuwa kangon da ke bayanmu, an cusa duwatsu an liƙe da siminti. Randunan na ɗora su kan ƙarfe na zuba tsakuwa a ƙasa don ruwa ya daina kwanciya. Gado ɗaya muka samu aro wajen yayata, yara uku a kai cikin sange, mu manya har yanzu tabarma amma da tocila a hannu. Auta ya warke har yana nuna wa mutane yatsan. Piya-piya ban saya ba Hajiya ku yi haƙuri.

Hajiya ta Zango:
Ba komai 'yata, Allah ya tsare. Tafarnuwar dai ki watsa, ita ai ba ta kashe kowa.

Na Tudun Jamus:
To yanzu yana kangon ke nan, wa ke da kangon?

Maman Ummi (Garin Malam):
Wani ne yana Libiya shekara 6 ba a gan shi ba, unguwa duk nan ake zubar da shara. Babansu ya ce zai yi wa mai unguwa magana bayan la'asar. Ɗan Agadas fitilar nan nawa ake sayarwa, kuma wane layi a Dole?